GIDA ƊAYA, BANGASKIYA DABAM

Karatu: Yahaya 7:1-9, 1 Bitrus 3:13-17

 Yau za mu yi magana a kan wani nauyi da yawancinmu muke ɗauke da shi, wato zama da dangi na jini waɗanda ba su ga Yesu yadda muka gan shi ba.

Mu ɗauki misalin mai bi wanda gidan ubansa yake Shahuci, cikin birnin Kano, unguwar da aka buɗe makarantar shari'a a 1928. Ran Lahadi yakan tafi sujada Sabon Gari, gama majami'u suna bayan ganuwa. Da yamma ya je gai da tsohuwarsa, sai wansa ya ƙi cin tuwo tare da shi. An yi suna, ba a gaya masa ba. To, me zai yi? Ya yanke zumunci, ko ya yi musun Ubangijinsa?

Wannan ba sabon abu ba ne. Wajen 1867, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda koyarwarsa a kan Isa. Almajiransa, Isawa, suka watse wajen ƙasar Ningi. A 1913 zuriyarsu suka sadu da Likita Walter Miller na Zariya, daga cikinsu kuwa aka sami gidan da Farfesa Ishaya Audu ya fito. Har wa yau a ƙasar Zazzau akwai gidajen da wa Kirista ne, ƙane Musulmi, suna halartar biki da jana'izar juna.

Ubangijinmu kansa ya ɗanɗana wannan. Yahaya ya shaida mana cewa ƙannensa ba su gaskata da shi ba, Markus 3:21 kuma ta nuna danginsa sun ɗauka ya zautu. Bai la'ance su ba. Yana bisa gicciye ya tanada wa uwa tasa mai kula da ita. Bayan tashinsa ya bayyana ga Yakubu, wanda daga baya ya shugabanci ikkilisiyar Urushalima.

Daga nan mun koyi abu uku.

Na fari, mu cika hakkin jini. Dokar girmama iyaye ba ta zo da sharaɗin su zama masu bi ba. In tsohuwa ta kwanta a Asibitin Murtala, mu riga kowa kai abinci da kuɗin magani. In Salla ta zo, mu je gaisuwa. Zumunta a ƙafa take.

Na biyu, mu tsare harshenmu. Bitrus ya umarce mu mu amsa wa mai tambaya da tawali'u da ladabi. Kada mu zagi abin da uba yake girmamawa. Mutum yana iya cin gardama a zaure ya rasa ɗan'uwansa. Haka ma tsakanin masu bi: in ɗan ECWA yana da ƙanwa Katolika, ko ɗa a ikkilisiyar Fentikos, Romawa 14 ta hana mu shar'anta juna a kan abin da ba shi ne tushen ceto ba.

Na uku, ƙauna ba ta nufin ɓoye Almasihu. In an ce mu bar shi, mu ƙi cikin ladabi, gobe kuma mu koma gaisuwa. Ikkilisiya kuwa wajibi ne ta zama gida ga wanda aka kora, ta ci da shi, ta tufasar da shi, ba tare da ta cusa masa ƙin danginsa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba mu da ikon juya zuciyar kowa, aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Namu shi ne haƙuri da addu'a, ko da za a shekara talatin.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ga iyayenmu da 'yan'uwanmu a hannunka. Ka ba mu zuciyar da za ta ƙaunace su ba gajiya, ta kuma riƙe ka ba tsoro. Cikin sunan Yesu, Amin.