Yadda Jamusawa suka ɗaga Garwa

A watan Nuwamba na 1893, wakilan Ingila da na Jamus suka zauna a birnin Balin suka ja layi a kan taswira. Layin nan ya raba Adamawa gida biyu: Yola, fadar Lamiɗo, ta faɗa rabon Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa ta koma hannun Jamus. Ba wanda ya shawarci Lamiɗo Zubairu. Jamusawa suka wayi gari da gangar jiki ba kai, dole suka shiga neman garin da zai tsaya musu a matsayin Yola.

A lokacin, Garwa ƙaramin gari ne a bakin Binuwai, wanda Fulani suka kafa a zamanin Modibbo Adama. Ba ta kama ƙafar Ngaundere ko Marwa ko Rai Buba ba wajen dawaki da jama'a. Arzikinta kogi ne. In damina ta yi nisa ruwa ya cika, jirgi kan taso tun daga bakin teku, ya biyo Kwara, ya karya a Lakwaja, ya wuce Yola, ya zo Garwa ya sauke kaya. Kayan da 'yan dako za su yi watanni suna haurowa da su daga Duwala, ga su ruwa ya kawo har ƙofar gida.

Sai dai da jini aka fara, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A Satumban 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Zubairu ya fita da jama'arsa bai miƙa wuya ba. A Nuwamba ya kara da Jamusawa a Garwa, aka rinjaye shi. Ya nausa Marwa, inda hafsan Jamus Hans Dominik ya tarar da shi a Janairun 1902, bindiga mai ruwa ta yi wa mahaya da dakaru mummunar ɓarna.

Daga nan Garwa ta zama mazaunin Razdan mai kula da Adamawar Jamus. Aka gina bariki, kantunan Turawa suka kafu kusa da kogi, fataken Hausawa suka riƙa saukowa suna yin unguwa. Su Jamusawan ba su zo da iyali don zama ba. 'Yan tsiraru ne, hafsoshi da 'yan kasuwa, sojansu ma baƙaƙen fata ne, kuma ta hannun sarakunan Fulani suka yi mulki.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Jamusawa suka kewaye garin da ganuwa da ramuka. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar Ingila ta taso daga Yola ta auka musu, aka kore ta, kwamandanta Maclear ya mutu a wurin. Sai da Ingila da Faransa suka haɗa ƙarfi, suka jawo manyan bindigogi, sannan kwamandan Jamusawa, Kyaftin von Crailsheim, ya sallama ranar 10 ga Yuni 1915.

Duka zaman Jamusawa a Garwa bai cika shekara 14 ba. Amma Faransawa da suka gaje su ba su ɗauke mulki daga Garwa ba, sai ma suka ƙara raya tashar jiragen ruwanta, ta zama ƙofar arewacin Kamaru. A wannan gari aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, wanda ya zama shugaban Kamaru na farko a 1960.