Ra'ayin Jama'a da Jami'a: Nazari a kan Boren Ɗalibai na 1978

Gabatarwa

Ra'ayin jama'a shi ne matsayin da mutane da yawa suka haɗu a kansa game da wani al'amari, har suka furta shi. Kafin a kai ga furtawa, akan sami wani yanayi da ke kwance a zukata, wanda ake jin ƙamshinsa a hirar kasuwa da tasha da majalisar ƙofar gida, amma ba a ba shi suna ba tukuna. Wannan maƙala za ta duba yadda irin wannan yanayi ya sami bakin magana a jami'o'in Nijeriya a shekarar 1978.

Halin da Ƙasa Take Ciki

Tun daga 1966 sojoji suka haramta jam'iyyun siyasa, kuma ba a ɗage haramcin ba sai a watan Satumba na 1978. Saboda haka babu majalisar dokoki, babu dandalin jam'iyya inda talaka zai kai kukansa. A ɓangaren tattalin arziki, kuɗin man fetur da suka yawaita bayan 1973, da ƙarin albashin Udoji, sun ɗaga burin mutane, kana suka ɗaga farashin kaya. An ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, jami'o'i kuma suka ƙaru daga shida zuwa goma sha uku. Iyaye suka sakankance cewa ilmi shi ne rabonsu daga arzikin ƙasa. Da kuɗin shiga suka ragu, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta shiga tsuke bakin aljihu.

Yadda Boren Ya Faru

A cikin wannan hali ne aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini guda. Ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta NUNS, ƙarƙashin shugabancin Segun Okeowo, ta kira ƙaurace wa azuzuwa a watan Afrilu. A Jami'ar Legas 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi mai suna Akintunde Ojo, sa'an nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayukan wasu ɗalibai. Taken da ya game ƙasa shi ne "Ali Must Go", wato dole Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, ya sauka. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta soke ƙungiyar, kuma shugabannin jami'o'in biyu, Farfesa J. F. Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, suka bar muƙamansu.

Abin Lura

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kwabo 50 kaɗai ba su isa su girgiza ƙasa ba. Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, jami'ar tarayya ta tara 'ya'yan Kudu da na Arewa a ɗakin kwana ɗaya da ɗakin cin abinci ɗaya, don haka koke ɗaya ya tsallake iyakar ƙabila da addini. Na biyu, kowane ɗalibi yana da iyaye da dangi waɗanda tsadar rayuwa ta dama, shi ya sa mutanen gari suka ji kukan kamar nasu ne. Na uku, taken ya dunƙule damuwa mai faɗi cikin kalmomi uku, ya rataya ta a wuyan mutum guda. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa yake, domin batun wanda zai ɗauki nauyin ilmin jami'a ya fi ƙarfin kujerar kwamishina ɗaya.

Kammalawa

Soke ƙungiya bai kashe ra'ayin ba. An kafa NANS a 1980, kuma a watan Mayu na 1986 aka sake zubar da jinin ɗalibai a Zariya, aka ji irin wancan take a kan shugaban jami'ar, Farfesa Ango Abdullahi. Duk lokacin da hukuma ta toshe hanyoyin sauraren jama'a, to kukan da ba a saurara ba a zaure, a bakin ƙofar jami'a za a ji shi.