Zanen Fuskar Ɗan'adam: Tsakanin Gawayi da Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake zana fuskar mutum da kayan aikin gargajiya da kuma na zamani, tare da duban abin da wannan bambanci ke nufi ga malamin zane a kwalejin ilimi. Za a nuna cewa kama, watau abin da ke sa a dubi zane a ce wane ne, ba daga kayan aiki take fitowa ba, daga horar da ido take fitowa. Don haka batun da ke gabanmu shi ne wanne ya kamata a fara ɗora ɗalibi a kai.

2.0 Ginshiƙin Kama

Abubuwa biyu ke riƙe da zanen fuska: awo da haske. Wajen awo, idanun baligi suna zaune ne kusan tsakiyar kai, tsakanin ƙoƙuwa da haɓa, ba can sama ba kamar yadda mai koyo yakan ɗauka. Tazarar da ke tsakanin idanu ta kai kimanin faɗin ido guda. Daga gaban gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙarƙashin hanci, daga nan zuwa haɓa, kashi uku ne kusan daidai. Amma wannan awo ma'auni ne kawai. Kamar kowane mutum tana ɓoye ne a inda fuskarsa ta saɓa wa ma'aunin, kuma aikin mai zane shi ne gano wannan saɓani.

Wajen haske kuwa, da shi da inuwa ake nuna tudu da kwarin fuska. Baƙar fata na da nata hukunci: ba a fitar da ita da dankara baƙi, sai da kiyaye wuraren da take sheƙi, kamar goshi da karan hanci da tudun kunci.

3.0 Kayan Aikin Gargajiya

Zanen kama tsohon aiki ne. A Fayum ta ƙasar Masar an tono fuskokin mamata da aka zana a kan katako, da yawansu da launi haɗe da kakin zuma, tun ƙarni na 1 zuwa na 3 Miladiyya, kuma launinsu bai gushe ba. Fensir irin wanda muka sani ya samo asali ne daga 1795, sa'ad da Nicolas-Jacques Conté na Faransa ya cuɗa garin girafait da yumɓu ya gasa. Yawan yumɓun shi ke sa fensir tauri, shi ya sa ake da masu alamar H don siraran layuka, da masu alamar B don inuwa mai duhu. Gawayi kuwa ya fi fensir baƙi, yana kuma karɓar shafa da yatsa, sai dai yana kakkaɓewa in ba a fesa masa abin da zai kama shi ba.

A Nijeriya, Aina Onabolu (1882-1963) shi ne ya share fagen zanen fuska irin na zamani, ya kuma yi fafutikar shigar da darasin zane makarantun Legas. Zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu, na 1974, an sayar da shi a Landan a 2018 kan fiye da fam miliyan 1. Wannan daraja na da nasaba da cewa abin da hannu ya shafa a kan ƙyalle ko takarda ba shi da na biyu.

Babbar siffar waɗannan kaya ita ce rashin yafiya. Takarda na da iyakar gogewar da za ta jure, don haka tilas mai zane ya duba sau uku kafin ya ja layi sau ɗaya.

4.0 Kayan Aikin Zamani

A 1963 Ivan Sutherland ya ƙirƙiro Sketchpad a Amurka, wanda ya ba da damar yin zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. An kafa kamfanin Wacom a Japan a 1983, manhajar Photoshop ta shiga kasuwa a 1990, Procreate kuma a 2011. Alƙalamin lantarki yana auna nauyin dannawar hannu, ta yadda layi zai yi kauri ko siranta kamar na fensir.

Fa'idodinsa a bayyane suke. Ana iya zana awo a hawa guda, inuwa a wani, launi a wani, a gyara ɗaya ba tare da taɓa sauran ba. Ana iya juya zanen dama ta koma hagu, nan take karkatar ido ko baki ta bayyana. Ana kuma iya warware kuskure sau nawa aka so.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi ne da haske ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada, saboda haka launin fata yakan dushe in an buga. Ga tsadar kaya da matsalar wutar lantarki. Mafi muni shi ne ɗalibi zai iya shimfiɗa hoton kyamara a ƙasa ya bi sawunsa, ya fito da kama ba tare da ya koyi gani ba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarar wannan takarda ita ce a fara ɗora ɗalibi a kan gawayi da fensir, yana zana mutum a zaune a gabansa, har idonsa ya saba da awo da haske, sannan a miƙa masa alƙalamin lantarki. Hana shi na'ura tauye shi ne, domin aikin talla da ɗab'i sun koma kanta. Gaggauta ba shi ita kuma gini ne ba harsashi. Mu tuna cewa ɗalibanmu malaman gobe ne, kuma da yawansu za su koyar a makarantun da ba abin da za su tarar sai allo da alli. Wanda idonsa ya horu ba zai rasa abin koyarwa a can ba.