WhatsApp: kod ɗin da ba a faɗa wa kowa

Ɓarawon WhatsApp ba ya buƙatar taɓa salularku. Lambar wayarku yake sakawa cikin tasa, sai WhatsApp ya aiko muku da kod mai alƙaluma 6 ta SMS. Daga nan ya kira ku, ko ya rubuto da sunan wani ɗan gurup ɗinku, wai kuskure aka yi, ku tura masa kod ɗin. Da kun tura, an fitar da ku, shi kuma ya shiga roƙon danginku jikka 10, jikka 20 da sunanku.

Don haka kada ku ba kowa wannan kod, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne. Ku shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ku zaɓi lambar sirri ta kanku, ku haɗa da adireshin imel. Ku riƙa duba Appareils connectés, ku cire duk na'urar da ba ku sani ba.

In an riga an ƙwace, ku sake rajista da lambarku: sabon kod na korar ɓarawon. In ya saka tasa lambar sirri, sai an jira kwana 7. Kafin nan, ku sanar da dangi kada su tura wa kowa kuɗi.