Ƙuma Da Yadda Za A Kawar Da Ita Daga Kare Da Gida

A ƙasarmu ta Zango, kamar sauran ƙasar Daura, ba a ajiye kare don ƙawa. Mafarauta na fita da shi daji da rani, makiyaya na sa shi ya bi garke, wasu kuma yana yi musu gadi da dare. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke kula da abin da ke damunsa. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a kai shi ne ƙuma, domin idan ta kama kare ba ta tsayawa a jikinsa kaɗai.

Ƙuma wani ɗan ƙwaro ne ja-ja-baƙi, ba ta da fiffike, sai dai tsalle. Abincinta jini ne. Ta bambanta da kaska, wadda ke maƙale wuri guda har ta kumbura. Idan aka ga kare yana yawan susa, yana cizon gindin wutsiyarsa, gashi na zubewa, to, a buɗe gashin a duba. Za a ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono. A ɗora su a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In suka koma ja, kashin ƙuma ne, wato busasshen jini.

Abin da malamin kimiyyarmu ya koya mana, wanda ya ba ni mamaki, shi ne ƙumar da muke gani a jikin kare ita ce kaɗan. Mace guda tana iya yin ƙwai har 50 a yini. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda karen ya kwanta: ƙarƙashin rumbu, bakin zaure, kusa da turken awaki. Cikin 'yan kwanaki sai ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa, ta ɓuya cikin turɓaya da tsagar daɓe, don ba ta son haske. Daga nan ta saƙa wa kanta kwanso, inda takan iya yin watanni tana jiran motsi ko ɗumin jiki. Shi ya sa ɗakin da aka daɗe da rufewa, ranar da aka buɗe shi sai ƙuma ta rufe wa mutum ƙafa. Da damina kuma ta fi yawa, saboda tsutsar tana son laima.

Ɓarnarta ba ƙaiƙayi kaɗai ba ne. Tana iya shanye jinin ɗan kwikwiyo har ya mutu. Kare yakan haɗiye ta wajen cizon jikinsa, ta sa masa tsutsar ciki, kuma ƙaramin yaro mai rarrafe ma yana iya kamuwa ta wannan hanya. Ƙumar ɓera ta fi muni, don ita ce ta yaɗa annobar da ta faɗa wa Legas a 1924, aka yi shekaru ana fama da ita.

To, ina magani? Sai an haɗa kare da gida gaba ɗaya. A yi wa kare wanka da sabulu, a fara daga wuya don kada ƙumar ta gudu zuwa kai, a bar kumfa ya ɗan jima kafin a ɗauraye. Wasu sukan tafasa ganyen bedi, wato darbejiya, su yi masa wanka da ruwan in ya huce. Wannan yana rage ta, amma ba ya ƙarar da ita. Abin da ya fi shi ne a je wurin malamin dabbobi. Akwai maganin da ake ɗiga wa kare a bayan wuya, irin su Frontline, wanda kan yi aiki kamar wata guda. A bi gwargwadon nauyin karen, kuma kada a sa wa kyanwa maganin kare, don wani yana kashe ta.

Ina roƙon iyayenmu su daina shafa wa kare baƙin mai, ko kananzir, ko fiya-fiya. Kare yana lasar jikinsa, yara kuma suna taɓa shi. Saboda haɗarin irin wannan guba ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa a 1 ga Satumba, 2019.

A gida kuwa, a riƙa share makwancin kare da akurki kullum, a ƙona sharar nesa da danga. A wanke tsumman da yake kwanciya a kai da ruwan zafi. A shanya tabarmi da katifu a tsakar rana, don zafin ranarmu yana kashe ƙwan da tsutsar. A liƙe tsagar daɓe, a toshe ramukan ɓeraye. A dage da haka har wata uku, saboda waɗanda ke cikin kwanso suna fitowa ne sannu a hankali.

Mu ɗalibai, idan muka koma gida hutu, wannan aiki ne da za mu iya ɗauke wa iyayenmu. Tsintsiya da sabulu ba su fi ƙarfin kowa ba, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.