Labarin da Ba a Kammala Ba: A Fara Karantawa ko a Jira?

Ya kai ɗalibi, a cikin rubutaccen adabi akwai nau'in da ake kira labaran almara. Su ne labaran da marubuci yake ƙaga wata duniya ta daban, mai sarakuna da jarumai da dodanni da masu sihiri. Wasu labaran suna da tsawo ƙwarai, littafi ɗaya ba ya ɗaukar su. Sai a raba su zuwa littattafai biyar ko bakwai ko fiye, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Marubuta Hausa ma sukan yi haka, su yanke labari daidai inda ya yi daɗi, mai karatu ya nemi littafi na biyu. To, idan marubuci bai gama rubuta jerin ba, shin ya kamata ka fara karantawa, ko kuwa ka jira sai ya kammala?

Misalin da ya fi shahara shi ne na George R. R. Martin, marubuci ɗan ƙasar Amurka. A shekarar 1996 ya fitar da A Game of Thrones, littafi na farko a jerin A Song of Ice and Fire, wato waƙar ƙanƙara da wuta. Da farko littattafai 3 ya yi niyyar rubutawa, amma labarin ya yi ta faɗaɗa har ya ce sai ya kai 7. Na biyu ya fito a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar kuma a 2011. Masu karatu sun shafe fiye da shekara 10 suna jiran na shida. An ma mayar da labarin wasan kwaikwayo na talabijin, wanda aka fara nunawa a 2011 aka ƙare a 2019, alhali littattafan ba su zo ƙarshe ba.

Me ke jawo irin wannan jinkiri? Duk lokacin da labari ya yi tsawo, taurarinsa sukan ƙaru, kuma kowane tauraro yana da nasa al'amarin da dole a warware. Buɗe ƙofofin labari ya fi rufe su sauƙi. Ban da wannan, marubuci ɗan Adam ne: yakan gaji, yakan yi rashin lafiya, ajali kuma yakan zo. Robert Jordan, shi ma Ba'amurke, ya fara jerin The Wheel of Time a 1990, ya rasu a 2007 bayan littafi na 11. Sa'ar da masu karatunsa suka yi ita ce ya bar bayanin yadda yake so labarin ya ƙare. Da wannan bayani wani marubuci, Brandon Sanderson, ya rubuta sauran littattafai 3, na ƙarshe ya fito a 2013.

Masu cewa a jira suna da hujjoji. Na farko, lokaci yana da tsada. Littattafan Martin guda biyar sun haura shafi 4,000. In kana karanta shafi 20 kowace rana, za ka yi kusan wata bakwai kafin ka gama, sannan ka tarar babu ƙarshe. Na biyu, in shekaru suka wuce kafin littafi na gaba ya fito, za ka manta sunaye da abubuwan da suka faru, sai ka sake komawa farko. Na uku, mai yiwuwa ne ƙarshen ba zai taɓa zuwa ba, jiranka ya zama jiran gawon shanu.

Masu cewa a fara su ma ba su rasa abin faɗi ba. Amfanin karatu ba a shafin ƙarshe kaɗai yake ba. A kowane babi kana koyon sababbin kalmomi, kana ganin halayen mutane, kana nishaɗi. Wannan riba ta riga ta zama taka, ko an kammala labarin ko ba a kammala ba. Hausawa sun ce, da babu gara ba daɗi. Haka kuma, masu buga littattafai sukan duba cinikin littafi na farko kafin su zuba kuɗi a na biyu. In kowa ya ce sai an gama zai saya, wani jerin zai mutu tun bai yi nisa ba.

Saboda haka, kafin ka yanke shawara, ka duba abubuwa huɗu. Ka duba tazarar da ke tsakanin littattafan da suka fito. J. K. Rowling ta Birtaniya ta fitar da littattafan Harry Potter guda 7 tsakanin 1997 da 2007, ba ta taɓa wuce shekara 3 ba tare da sabon littafi ba. Ka bincika ko kowane littafi yana warware wani ɓangare na labarin, ko kuwa yana barin mutum a rataye. Ka tambayi malaminka ko littafin ya dace da shekarunka, domin na Martin, alal misali, don manya aka rubuta su. Sannan ka san halinka. In rashin sanin ƙarshen labari yana hana ka sukuni, ko jarrabawa ta ƙarato, zaɓi jerin da aka kammala. In kuwa kana da haƙuri, karanta littafi na farko kawai. Idan ya gamsar da kai shi kaɗai, ka ci gaba. Idan bai gamsar da kai ba, ajiye shi ka ɗauki wani.

Tambayoyi

1. Mene ne labaran almara?
2. Kawo dalilai biyu da ke sa marubuci ya yi jinkirin kammala labarinsa.
3. Yaya aka yi aka kammala jerin littattafan Robert Jordan?
4. Bayyana ma'anar "jiran gawon shanu", ka sa shi cikin jimla.