Abin Da Ya Raba Bunsuru Da Taure

Makiyayan Unguwar Lalle, da na sauran ƙauyukan Gobir, ba sai sun buɗe littafi za su gaya wa mutum bambancin bunsuru da taure ba. Bunsuru ga wari, ga karo, ga bin awaki dare da rana. Da an fiɗiye shi sai ya natsu, ya sa kai ga kiwo, ya yi ƙiba. Haka ake yi wa bijimin da za a ɗaura wa garma. Dalilin wannan canji shi ne masana suka fi shekara 170 suna bin diddiginsa.

A cikin 1849 wani likita Bajamushe, Arnold Berthold na Jami'ar Gottingen, ya fiɗiye 'yan zakaru. Waɗanda ya bari haka suka girma ba cara, ba faɗa, ba neman kaji. Waɗanda ya dasa wa maraina a tsakanin hanjinsu kuwa, sai ga su suna cara suna tsalle wa juna. Da ya feɗe su, ya tarar jijiyoyin jini sun kama dashen, amma babu jijiyar saƙo da ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Ashe ta jini saƙon yake bi.

Irin wannan sinadari mai yawo cikin jini shi ne Ernest Starling na Landan ya raɗa wa suna homon a 1905. A 1935 aka tace na mazan, watau testosteron, a Amsterdam, daga marainan bijimai. Littafin da Frank Beach na Amurka ya buga a 1948 shi ya mai da maganar fannin ilmi mai zaman kansa.

To, amma ɗalibin da ya tsaya a nan zai yi kuskure, ya ɗauka duk mai zafin rai jininsa ne ya ja masa. A 1990 John Wingfield da abokan aikinsa suka nuna cewa testosteron na namijin tsuntsu yakan hau ne idan wani ya tsokane shi a kan mace ko wurin sheƙa. Watau faɗan ma yana ƙara sinadarin, kamar yadda sinadarin ke ƙara faɗan.

Sabo ma yana da nasa rabon. Gwaji a kan kyanwoyi a 1958 ya nuna namijin da ya saba barbara yakan daɗe yana yi bayan fiɗiya. Shi ya sa makiyayi ba ya jira ɗan bunsuru ya riƙa kafin ya fiɗiye shi.